Rasuwar Gwaggo Ana Tsakiyar Taro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ta kan wayar aro, Malama Mai Bayani take sanar da 'yan uwa da abokan aiki na kusa da na nesa rasuwar tsohuwar kwamfutarta ta cinya, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa da rana tsaka, ana tsakiyar taro, a lokacin da aka fi bukatarta.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ita ce ta yi wa manhajar nan ta kyauta hidima, wadda ƙananan asibitoci suke amfani da ita wajen tura wa iyaye mata saƙon ranar rigakafin 'ya'yansu. Manhajar ta kowa ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Masu rubuta ta suna warwatse a ƙasashe, yawancinsu ba su taɓa haɗa ido ba. Aikin Malama shi ne rubuta bayani: wace ƙofa kwamfutar asibiti za ta ƙwanƙwasa, me za ta miƙa, wace amsa za ta samu, me za a yi in an ji shiru. Ba ta taɓa sakin layi ɗaya ba sai ta gwada shi a kan Gwaggo. Dalilinta kuwa, abin da ya yi aiki a kan wannan tsohuwa zai yi a kan kowace kwamfuta da ke ajiye a ɗakin ba da kati.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta, Malama kan je ta shanya wanki ta dawo ta tarar tana miƙa. Ba ta da ƙarya, ba ta da kara: misalin da ya gurgunce, a gaban kowa za ta tona shi. Maƙwabta za su daɗe suna tuna muryar fankarta, fuuu, fuuu, da ɗan ƙas-ƙas ɗin da take yi in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Ta daɗe tana fama da zazzaɓi. Batirinta ya riga ta tafiya, sai da waya a bango take numfashi. Amma abin da ya kwantar da ita shi ne rigimar tsohuwar ƙofa.

Mai Sauri, wanda ya fi kowa iya rubuta manhajar, ya gano ɓaraka a tsohuwar ƙofar da asibitoci ke bi, ɓarakar da ɓarawo zai iya kwashe lambobin wayar iyaye mata ta cikinta. Ya gina sabuwa, ya nemi a toshe tsohuwar a ƙarshen mako. Gaskiya ce da shi, Malama ma ba ta musa ba. Damuwarta ɗaya: ta rubuta matakan ƙaura zuwa sabuwar ƙofa, ta gwada su a kan Gwaggo, tsohuwar ta cije a tsakiya. In haka ta faru a asibitoci, saƙo zai tsaya ba wanda ya sani, uwa tana gida tana jiran a tuna mata.

Ranar taro, wanda ake yi ta intanet, Malama ta zauna a gaban teburin cin abinci, ta tokare marigayiya da murfin tukunya don iska ta shiga ƙarƙashinta, ta nuna wa jama'a allonta. Gumi na bin bayanta. Mataki na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ta ce, "Ku duba nan, yanzu za ta tsaya." Fanka ta yi wani kuka da ba a taɓa ji ba, wari ya tashi, allo ya yi baƙi.

Jama'ar taro sun ɗauka layi ne ya yanke, suka ci gaba.

Haka ta rungume ta cikin mayafi ta nufi layin masu gyara. Mai gyara ya kwance bayanta, ya sunsuna, ya ajiye sukudireba a hankali.

"Yaya, sai haƙuri. Cikin ya ƙone."

A nan bakin rumfar ta ari wayarsa ta koma taron, ta tarar har an fara ɗaga hannu don ƙuri'a. Shugaban aikin ya tambaye ta me ta so nunawa. Ta faɗa. Mai Sauri ya ce, cikin ladabi, "Malama, ban ƙi ba, amma a kan tawa komai ya tafi daidai. Wataƙila ciwonta ne ya hana, ba ƙofar ba."

Malama ta juya ta dubi Gwaggo. Shaidarta guda, ga ta kwance a buɗe a kan tebur. Kuma har cikin ranta ba ta da tabbacin cewa bai yi gaskiya ba.

An yanke cewa za a toshe ƙofar a ƙarshen mako, sai fa in wani ya sake nuna matsalar a kan wata kwamfuta kafin lokacin.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif, da linzamin kwamfuta mai ciwon gefe, da jaka marar zif, da ɗaruruwan shafukan bayani da suke raye a hannun jama'a. Ta kuma bar shafi ɗaya maraya, wanda ya tsaya a mataki na uku.

Gawa tana rumfar mai gyara. An cire ma'ajiyar bayananta an damƙa wa mai ita. Allonta kuma, bisa yardar iyali, za a dasa wa wata mai bukata. Za a kai sauran wurin masu karɓar tsofaffin na'urori da zarar an san makomar ƙofa. Ana karɓar gaisuwa a gidan Malama, da kuma shafin tattaunawa na manhajar ga waɗanda ke nesa. Iyali suna roƙon kada a kawo sabuwar kwamfuta da sunan jaje, ba za ta yi amfani ba. Duk wanda ke da tsohuwa, sa'ar marigayiya, a ƙarƙashin gado ko a saman kabad, ya kakkaɓe ta ya zo da ita kafin ƙarshen mako. Ko ba ta iya tashi, a ɗauko ta.