Ranar da Na Tura Leburori Kurkuku

Ba zan taɓa mantawa da tafintar da na yi a hanyar Maigatari ba, shekaru kaɗan bayan yaƙin Jamus. Lokacin ina malamin ofis a Gumel. Na dawo daga makaranta a Kano da Turancin da bai cika cokali ba, amma ina taƙama kamar a gidanmu aka ƙirƙiro shi.

Di'o ya yi baƙo, wani dogon dattijo mai farin gemu daga Sikotilan. An ce marubuci ne, kuma ya taɓa zama ɗan majalisa a ƙasarsu. Aka ce in raka shi kasuwar Maigatari. A hanya muka iske leburori suna gyaran hanya cikin tsakar rana. Ya sauko daga doki, ya cire hula, ya shiga yi musu magana.

Nan na gane Turanci iri-iri ne. Nasa kamar mai kurkurar baki. Kalma biyu kawai na tsinta, aiki da kurkuku. (Ga 'yan garinmu Gagarawa biyu cikin leburorin, sun zuba mini ido cike da alfahari.) Sai na gyara murya na ce, "Bature ya ce ku dage da aiki. Wanda ya yi lalaci, kurkuku zai kwana!"

Fuskoki suka murtuke. Baƙon ya dube ni da mamaki.

Sai wani Baba Ɗanjuma, tsohon soja da ya yi yaƙin Kamaru ƙarƙashin wani hafsa ɗan ƙasar baƙon, ya jingina fartanyarsa, ya dube ni ya ce:

"Malam, a gafarce ni, ba haka ya ce ba. Cewa ya yi shi aka taɓa kullewa a kurkuku, don ya tsaya wa ma'aikata irinmu. Tambaya yake ko ana ba mu abinci da hutu."

Da tsawa aka yi mini da ya fi sauƙi. Baƙon ya miƙo mini linzamin dokinsa. Baba Ɗanjuma ya karɓi tafinta, leburori suka amayar da abin da ke cikinsu, ni kuwa ina gefe riƙe da doki.

Bayan mako guda aka fara ba su hutun azahar. Baƙon bai kai ƙarata wajen Di'o ba, amma har yau a Gagarawa Malam Kurkuku ake kirana.

Yanzu in magana ta fi ƙarfina, sai in ce a maimaita. In kuwa dole ce ta sa zan yi ƙarya, to na koyi in zaɓi mai daɗin ji.