Gorar Kawu Sani

Ko da zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da ɗacin da ya sauka maƙogwarona ranar nan ba. Kurɓa uku na yi kafin harshena ya ba ni labari. Na sauke gorar, na duba gefenta, sai ga famfon feshi jingine da tushen tsamiya, bakinsa na ɗiga.

Bari na koma baya kaɗan. A Gusau na tashi, amma da muka gama jarrabawar fita sakandare sai Baba ya tura mu ƙauyen Kekun Waje, ni da ƙanwata Hafsa, mu taya kakarmu Inna aikin damina. Gonar ba ta da girma: dawa da gero, gyaɗa a gefe, sai wake a tsakanin kunya. Kawu Sani ne mai huɗa da feshi. Mu namu shi ne zuba taki gindi-gindi, da yanko wa akuyoyi ciyawa, da kai fura gona idan rana ta take. Aiki ne mai daɗi in dai daga inuwa kake kallonsa.

Ranar, Kawu ya yi feshi da sassafe ya wuce Tsafe ta'aziyya. Ni kuwa tun hantsi na shanye ruwana, kuma na riga na cika wa Hafsa baki cewa ni ƙishi ba ya kama ni (girman kan 'yan birni, Allah Ya shirye mu). Da na zagaya bayan tsamiya na ga gorar lemo cike da wani abu ja-ja, sai na ce zoɓo ne Kawu ya ɓoye. Ban ko shinshina ba.

Sai da na ga famfon na tuna mutanen ƙauye kan ɗura maganin ciyawa a irin wannan gora. Na yi jifa da ita cikin dawa, na kwarma ihu.

Inna ta taho da ɗankwali a hannu. "Ke ɗiyar nan, mi kinka sha?"

Na nuna famfon kawai. Ba ta sake tambaya ba. Ta aika Hafsa gida da gudu a ɗauko manja, ta matse mini hanci ta ɗura, ta bi da sauran nonon furarmu. Maƙwabcin gonarmu ya jefar da fartanyarsa ya tayar da babur, aka sa ni a tsakiya, Inna a baya tana ta salati a kunnena har Bungudu. Babu wanda ya tuna da gorar.

A asibiti ma'aikacin ya tambayi sunan maganin, ba wanda ya sani. Ya ce dole a samu Kawu, amma wayarsa ba ta shiga. Aka sa mini ƙarin ruwa. Cikina ya fara murɗawa, na ce shi ke nan, ajali ya iso. Hafsa ta biyo mu a wani babur ɗin tana kuka. Na riƙe hannunta na ce ta yafe mini, na ba ta wayata da sabon mayafina, har da takalmin sallar da ban taɓa bari ta gwada ba. Na yi wannan wasiyya da ƙarfi, gaban mata masu jiran awo, bakina jawur da manja.

Sai bayan la'asar wayar ta shiga. Ma'aikacin ya buɗe muryar wayar kowa na ji, ya tambayi Kawu wane magani ne a gorar da ke ƙarƙashin tsamiya. Kawu ya tambaya ko da mutane a wurin. Inna ta karɓe wayar ta ce ya faɗa ko ta saɓa masa.

"Inna, jiƙon maɗaci ne," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. "Na basir."

Sai wata mai ciki ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa. Ma'aikacin ya yi gyaran murya ya ce babu abin da zai same ni, sai dai kada na yi nisa da bayan gida, saboda manjan Inna ma ba wasa ba ne.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala. Ni kuwa har yanzu nakan kauce idan na ga gorar lemo a gona.

Na juya na ce Hafsa ta miƙo mini wayata. Ta share hawaye, ta gyara mayafina a kanta, ta ce kyauta ba ta komawa, kuma da shaidu. Tun daga ranar na san cewa abin da ba kai ka ajiye ba, ka shinshina kafin ka sha, kuma kada ka raba gado sai an samu Kawu a waya.