Fankon Akwati a Sunan Matar Baba

Ba zan taɓa mantawa da katin jana'izar nan ba, kuma tun farko in faɗa, ni ne mai laifi.

Lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a titin Grand Concourse. Maƙwabcinmu wani tsoho ne ɗan Koriya mai wanki da guga, muna ce masa Baba. Da matarsa ta rasu, 'yarsa ta turo min abin da zan buga: hoton marigayiya, da sunanta a rubutunsu.

Ina buɗewa a kwamfuta na ga alamar wani ɗan fankon akwati a tsakiyar sunan, inda ya kamata a ga rubutu. Ni kuwa gwani (sakandare kawai na gama, amma a unguwarmu ta Mount Hope "injiniya" ake kirana), na ce datti ne. Na goge shi, na matse sauran, na buga duka. Ban tambayi kowa ba.

Da kaina na kai wurin makokin, har ina cika baki: "Akwai ɗan kuskure, amma na gyara muku."

'Yar ta duba, ta ɗago. "Ina tsakiyar sunan mamata?"

A gaban mutane ta yi min bayani. Kowace gaɓa a rubutunsu tana da lambarta a kwamfuta. Lambar ta iso daidai, tsohuwar na'urata ce ba ta da siffar gaɓar, sai ta nuna akwati. Gaɓa ce da ba a cika amfani da ita ba. Tun a Koriya, kwamfutocin banki da asibiti suke ƙin ta, ana musanya mata da wata. Baba ya yi wa matarsa alkawari cewa a katin ƙarshe za ta fito cikakkiya.

Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna da biro yana rubuta gaɓar a saman kowane kati, don ban bar masa gurbi ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Kwamfuta ce." Na sulale na gudu.

Na koyi cewa in akwati ya fito, injiniya ne ya kamata a goge. Na daɗe ina tsallaka titi don kada mu haɗu. Ranar da na shiga shagonsa, yana guga, na cire hula.

"Baba, ba kwamfuta ba ce. Da hannuna na goge ta. Ka yafe min."