Ƙosai a Kan Hukuncin Kotu

Har in mutu ba zan manta da bikin sunan jaririyar maƙwabtanmu a Pantai Dalam ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Dama tun da muka zo Kuala Lumpur tsorona ɗaya: kada lokacin karatun Baban Amal, mijina, ya ƙare bai gama kundinsa na shari'a ba, mu koma Kano da yara biyu hannu wayam. Ko tari ba na bari yaran su yi kusa da teburinsa.

A teburin nan takardu kashi biyu ne. Na taɓa tambayarsa bambancinsu. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Waɗannan hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ne da aka buga a littafi, alƙalai na bin su. Waɗancan ba a buga ba, a wasu ƙasashen ma ba dole ne a bi su ba. Ke dai ba za ki gane ba."

To ai na gane! Na dama masu daraja, na hagu tarkace (ni da na tsaya a aji uku na sakandare, har ina yaba wa kaina).

Ranar suna ni aka ba suyar ƙosai. Takardar tsane mai ta ƙare, kedai, wato kantin ƙasan benenmu, a rufe, man yana tafasa. Sai na tuna da tarkacen nan. Na kwaso, na shimfiɗa a kwanduna huɗu, har da bismillah.

Ana cikin ci, Anti Dakta Rabi, wadda ke koyar da shari'a a jami'a, ta ɗaga ƙosai ta tsaya tana kallon ƙasansa. Ta zaro takardar, mai na ɗiga, ga hatimin kotu, ga rubutun mijina da jan biro.

"Maman Amal, ina kika samo wannan?"

Na washe baki na ce, "Kada ki damu Anti, marasa amfanin ne. Ba a buga su ba."

Wata amarya ta ƙyalƙyale da dariya: "Kai, yau mun ci hukunci da yaji!"

Anti ta ce, "Ƙanwata, wanda aka buga ko yanzu sai in ɗauko miki a laburare. Wanda ba a buga ba sai mutum ya je kotun da kansa ya yi ta roƙo. A kansu mijinki yake rubutu, ko ya dace a riƙa watsar da su."

Wata biyar abokinsa ya yi yana sintiri a Najeriya kafin a samo su. Haka muka zauna, mata goma sha, muna tsamo shafuka daga ƙarƙashin ƙosai muna gogewa da gefen mayafi. Yawanci sun karantu. Hukunci biyu kam sun tafi, sai da Baban Amal ya nemi ƙarin lokaci a makaranta.

Da ya fara faɗa na ba shi haƙuri, don ni na yi. Amma da ya ce "jahilci", sai na tsaya. Na ce, "Shekara uku ina gadin teburin nan. Abin da Anti ta gaya mini a minti ɗaya, kai me ya hana ka?"

Na koyi cewa abin da ba ya cikin littafi ba shi ne marar daraja ba, na kuma daina shirya ɗakin mai digiri da hasashe.

Ku kuma maza masu karatu, don Allah, in matarku ta tambaye ku mene ne wannan, ku ɗago kai ku gaya mata.