Cinikin Jar Motar Injiniya

"Ina kwana, Malama. Ina gajiya?"

"Ɗazu babu. Yanzu ga ta nan tsaye a ƙofar gidana da hula a karkace."

Direba ya kai hannu ya gyara hular. Shi da Malama taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito. Shekara sittin da 'yan kai ba su taɓa gaisawa sun rabu lafiya ba. Amma tun da ɗanta tilo, Injiniya, ya rasu wata biyar da suka wuce bayan doguwar jinyar ƙoda, duk zuwan da zai yi sai ta amsa masa kamar baƙo: lafiya lau, an gode, a gaida gida. Wannan ladabin ya fi ci masa rai a kan kowane zagi. Yau ce rana ta farko da ta mayar masa da baƙa.

"Na ji an sa jar motar a kasuwa," in ji shi.

"An sa. Amma ba a kasuwar tsofaffin tayoyi ba, don haka ban san wanda ya aiko ka ba."

"Saya na zo yi."

Ta dube shi tun daga hula har silifas. "Da me? Da haƙoran nan huɗu da suka rage maka?"

"Biyar ne. Akwai ɗaya can ciki, na ajiye shi don ranar da za ki dafa abin da zai tauno."

"Ga mabuɗi. Buɗe garejin, in ka kasa in nemo namiji."

Ƙofar ƙarfen ta yi ƙara kafin ta ɗagu. Ciki warin fetur da roba. Takalman motsa jikin Injiniya suna jikin bango inda ya cire su, kusa da wani ƙaramin keke mai ƙafa uku. Malama ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Direba ya yaye tamfol ɗin. Motar ja ce wur, kwance take a ƙasa, ko ƙugunsa ba ta kai ba. Ƙofa biyu, kujera biyu.

"Nawa aka taya?"

"Wani dillali ya ba da miliyan talatin. Bayan azahar zai zo da babbar mota ya ɗauke ta."

"Talatin a kan wannan? Ashe kowace kujera sha biyar ke nan. Tawa motar buhu ɗari shida take ɗauka, ba ta taɓa yi wa kowa wannan rashin kunyar ba."

"Taka motar da in ta hau gada sai mutanen ƙasan gadar sun yi sallama da iyalansu?"

"Sharri ne. Na saya sha takwas."

"Albarka."

"Sha takwas da rabi, don darajar kawuna da ya haife ki bisa kuskure."

"Albarka. Gwaggona ma da ta haife ka, kwana uku ta yi tana tambayar unguwarzoma ko an yi mata musanya."

Ya goya hannuwa a baya ya fara zagaya motar kamar yadda masu saye ke yi, yana ɗan harbin tayoyin da ƙafa.

"Dubi yadda take shafar ƙasa. Ko ƙadangare ne ya kwanta a titi sai ta tsaya ta ba shi haƙuri. A rage miliyan uku."

"Don kwalta aka yi ta, ba don layinku da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga ba."

"Ba ta da wurin kaya. In na sayo buhun shinkafa ina zan sa?"

"Yaushe ka taɓa sayen buhu? Matarka da kofi take zuwa awo, kowa ya sani."

"Kuma mota ta hannu ce. Injiniya ma ta hannu ya saye ta. Hannu na uku ke nan, kamar gyalen nan naki."

"Gyalena ya fi ka takardu."

Ya sunkuya a jikin ƙofar fasinja ya bi wani dogon karce da ɗan yatsa. "To ga shi. An ƙwarzane fenti tun daga nan har nan. Wannan kaɗai miliyan biyu ne."

"'Yarsa ce ta yi da cokali," in ji Malama. "Tana shekara biyu lokacin. Mai fenti har ya zo, uban ya sallame shi. Ya ce mai motar ce ta sa hannu."

Direba ya janye yatsansa. Ya daɗe a sunkuye kafin ya miƙe.

"Jikar shugabar makaranta guda, amma dubi munin rubutu," ya ce.

"Ɓangarenku ta ɗebo."

"Ashirin."

"Albarka."

"Ke ba ki san mota ba. In ta daɗe a tsaye lalacewa take yi, mai ya daskare, robobi su bushe. Wata nawa rabon da a hau ta?"

"Sha uku. Takwas yana kwance, biyar kuma..." Ta tsaya nan, ta gyara gyalenta. "Jiya dillalin ya turo bakanike ya sa mata sabon batir ya duba ta. Ya ce ƙalau take. Ni dai na bar musu gidan har suka gama."

Direba ya buɗe ƙofar direba ya dafa rufin, ya zura ƙafa ɗaya, ya lanƙwashe, ya faɗa cikin kujerar da nishi.

"A hankali," in ji ta. "Wannan nishin ko rijiya kake haƙa sai haka."

"Wa ya ce a kwantar da kujera a ƙasa kamar tabarma? Duk wanda ya ƙera motar nan ba shi da kawu."

Ya miƙa hannu ya buɗe ɗan akwatin gaban fasinja don neman takardun motar. Abin da ya fara faɗowa katin asibiti ne, an jera ranakun wankin ƙoda, an yi wa kowace rana alama da biro har zuwa tsakiyar shafi, sauran layukan babu komai. Ƙarƙashinsa akwai ledar magani da ba a shanye ba. Ya yi sauri zai mayar.

"Na gani," in ji Malama. "Miƙo. Wannan ba ya cikin ciniki."

Ta tako cikin garejin a karo na farko, ta karɓi katin da ledar ta ƙunshe a bakin gyale. Sannan ta tsaya a kansa.

"Bar wasa yanzu. Ina ka samo miliyan ashirin? Kai da ko goron ɗari sai ka nemi ragi."

"Na sayar da babbar motar."

"Wace babbar mota?"

"Guda nawa gare ni?"

"Ka haukace? Da ita kake ci da iyali."

"Yaran sun girma, kowa yana riƙe da kansa. Ni kuma idona ya fara yi mini ƙarya a hanya. Dama likita ya ce in sauka tun bara, taurin kai ne ya hana."

"Nawa aka ba ka?"

"Wannan ba tambayar mai sayarwa ba ce."

"Nawa?"

"Ashirin da biyar," ya ce yana kallon sitiyari. "Ba ni da ko ficika bayan su."

"Shi ne ka fara mini da sha takwas, tsohon macuci?"

"To da ina zan fara? In na fara da gaskiya ai ba za ki gane ni ba."

Ba ta yi dariya ba. "Me za ka yi da ita? Ba kaya, ba fasinja. Mai take sha kamar ana zuba shi a rairayi."

Ya shafa sitiyarin da tafin hannu. "A kan cinyata ya fara riƙe sitiyari, kin sani. Ranar da ya sayo wannan, kafin ya zo nan gidana ya fara zuwa. Ya ce, Kawu, shigo in zaga da kai. Na ce ni ba na shiga kwalin ashana, ya bari sai ta girma. Ya dawo ya fi sau goma, kullum amsar ke nan. Har a asibiti ya ce mini, Kawu, in na tashi ba ka da sauran uzuri. Na ce masa sai dai in ɗaure ta a bayan tawa in ja." Ya sauke hannu daga sitiyarin. "Yau ne farkon shigata."

Malama ta juya ta kalli bango.

"Ka san dalilin da ya sa na yarda da dillalin?" ta ce. "Ba talatin ɗinsa ba ce. Ya ce mini nesa zai kai ta, inda ba zan ƙara gani ba. Kai kuwa layi uku ne tsakanina da kai. Na san kukan injin nan tun daga kwana. Da na ji shi nake tashi in ɗumama masa abinci. Kana so in riƙa miƙewa ina nufar kicin ina tsohuwa, sannan in tuna?"

"Zan riƙa bi ta baya."

"Ta bayan ma ana ji."

"To zan tura ta da hannu har sai na wuce unguwarku."

"Kai ɗin? Ƙofar gareji ma sai da ka huta sau biyu." Ta share fuska da gefen hannu. "Kuma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai yarinya, akwai uwarta, akwai sauran magada. Ni aka wakilta in sayar. Ba zan zaftare haƙƙin marainiya don wani mai haƙora biyar ba."

"Ban ce ki taɓa na yarinya ba. Ko a mafarki."

"To ka gani. Cinikinmu bai yi ba."

Ya gyaɗa kai. "Bai yi ba. Amma bari in ji muryarta sau ɗaya kafin mutumin ya zo. In kin ga ba za ki iya ba, ki shiga ciki."

Ba ta shiga ciki ba. Ya fara lalube a gefen sitiyari, ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama.

"Me kake nema?"

"Ramin mabuɗi. Kin ga wani aibun kuma, mota ba ramin mabuɗi."

"Shekara arba'in a kan titi. Taka birki, ka danna jan maɓallin nan da ke gaban hancinka."

Ya danna. Injin ya yi gurnani ya cika garejin, har ƙofar ƙarfen tana rawa, sannan ya sauka ya koma wani kuka mai kauri a hankali. Malama ta dafa rufin motar da hannu biyu. Leɓenta yana motsi amma ba a jin abin da take faɗa. Direba ya ga fuskarta, ya kai hannu zai kashe.

"Bar ta," in ji ta.

Ya janye hannunsa, injin ya ci gaba da aiki. Sai da aka jima sannan ta sunkuyo ta danna maɓallin da kanta.

"Na ɗauka in na ji faɗuwa zan yi," ta ce. "Ga ni tsaye."

"Ke da ko ciwon kai tsoronki yake ji."

"Yi mini shiru in yi lissafi. A cikin talatin, rabon uwa ɗaya bisa shida ne. Biyar ke nan. Wannan nawa ne, ba na kowa ba, kuma tun farko ban san yadda zan yi in kai kuɗin motar nan bakina ba. Ka kawo ashirin da biyar ɗinka a ba sauran cif-cif. Na sallama."

"A'a. Ba zan ci rabonki ba."

"Tun muna yara kake cin rabona, yau ne za ka yi kunya?"

"Wancan na kwano ne. Wannan..."

"Ka zo neman ragi, an yi maka ragi. Ko so kake in kira dillalin in ce ya yi sauri?"

Ya dafa sitiyarin ya ce, "Allah ya sa albarka."

"Amin. Da sharaɗi. Kada ka bi ta baya. In za ka wuce, ka wuce ta ƙofar nan. Kuma kada ka zo mini kana rarrafe da ita kamar mai ɗauke da ƙwai. Shi ba haka yake shigowa layin nan ba, sai maƙwabta sun leƙo suna tsaki."

"In aka kama ni da laifin gudu fa?"

"In je in ce ban san ka ba. Fito ka tafi ka kawo kuɗin mutane."

Ya dafa ƙofa ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, gwiwarsa ta bugi sitiyari, ya koma ya zauna.

"Miƙo hannu," ya ce.

"Mota na sayar maka, ban ce har da fitarwa ba. Wannan cinikin daban ne."

"Nawa?"

"Ka fara tayi. Amma in ka fara mini da sha takwas, nan za ka yi azahar."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Kin ci. Duk abin da kika yanka na biya."

Dariyar ta kufce mata, gajeruwa, mai tsatsa, har ta sa hannu ta rufe baki kamar wadda ta yi laifi. Ta kama hannunsa ta ja, ya fito yana tangaɗi. Sannan ta shiga cikin gida. Da ta dawo tana riƙe da baƙin tabarau a cikin gidansa na fata, wanda Injiniya yake tuƙi da shi.

"Ungo. Wannan kyauta ne. Saka, ka rage wa mutanen titi rabin abin da za su gani."

Direba ya karɓa da hannu biyu ya saka nan take, a cikin inuwar garejin. Ya juya mata baya ya hau ninke tamfol. Ta ga kafaɗunsa suna rawa. Ta kama ɗaya bakin tamfol ɗin.

"Ba haka ake ninkewa ba," ta ce. "Sake."