Jan Zanen Kaka Jobeda

"Lafiya lau na tashi, tunda ban yi mafarkinka ba."

"Ni kuwa da ke na kwana a rai, amarya. Taka a hankali, taɓo ne a gabanki."

Haka suka gaisa a bakin kogin Megna, surukata Jobeda da ɗana Liton, ni ina riƙe da hannunta. Yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, haske da launi kawai take rabewa. Likitan ido ya sauka a garin Chandpur, yau yake gamawa ya tafi, ga ruwa ya soma janyewa. In muka yi sanya, kwalekwalenmu zai zauna a laka. Bara da muka yi wannan niyya, rana ta sumar da ita a tsakiyar kogi, dole muka juyo. Shi ya sa Liton ya lanƙwasa tsagin gora, ya kafa rumfa a wurin zama, ya ɗaure da igiyar rama. Tabarmar rufin ta ruɓe, sai na ba shi zanena. Mu da mazanmu suka rasu fari muke ɗaurawa, ba ni da wani.

Ta miƙa hannu ta shafa gorar.

"Wannan akurkin kaji ne? Ko kai ba zan ɗaga ba."

"Dole ta yi ƙasa. In iska ta juya, gorar da ke riƙe da ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ta samanta za ta gilma. In na ɗaga, ta kwashe rumfar har da haƙorinki guda da ya rage."

"Gudan nan ya ci kifin ilish da ba ka taɓa kamawa ba."

"Ai don shi na aure ki."

"Da waɗannan ƙafafun naka na balbela?"

"Ina kika gan su?"

"Ƙararsu nake ji."

Sai ta ƙanƙance ido, ta matso da fuska. Hannunta ya yi sanyi a cikin nawa.

"Anowara, fari nake gani?"

Na ce, "Fari ne, Inna."

"Gora a lanƙwashe, ƙasa-ƙasa, farin ƙyalle a sama. Wannan ai makara ce."

Na ɗaga kai na dubi rumfar. Haka muke rufe makarar mace don kada a ga surarta, haka aka fita da mahaifiyata. Da hannuna na miƙa zanen, ban lura ba. Liton ya saci kallon turken da jirgin ke ɗaure, ruwa ya sauka ya bar jiƙaƙƙen itace. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

"Makara mai tafiya da iska? Ke ko can ɗin ma sai an kai ki da gata."

"Akuyata kake so ka gada, ɗan nema."

"Akuyar da ta girme ki? Shiga, Kaka, ruwa na gudu."

"Ya gudu. Gara in zauna da makantata a tudu." Sai muryarta ta yi ƙasa. "In suka taɓa idon ban farka ba fa?"

Ni dai salati nake yi a zuci. Liton ya durƙusa a taɓon, ya kama gefen zanenta.

"Ba sa sa mutum barci. Kina ji za su yi, kina zaginsu. Tausayin likitan ma nake ji."

"Marar kunya."

"Ba ni da wani ƙyalle, Kaka. In cire, ki sume. In bari, ki ƙi shiga. Faɗa min yadda zan yi da ke."

Ta daɗe tana juya ƙunshin da ta rungume tun daga gida, wanda ta hana ni taɓawa. Can ta kwance shi. Busasshen ganyen darbejiya ya zubo, ga jan zane mai bakin zinariya. Shi aka lulluɓa wa rumfar jirgin da ya kawo ta wannan tsibirin namu tana amarya.

"Na ɗauko shi ne don in an buɗe idon shi zan fara gani, ba fuskarka ba. Ungo. In ka yaga shi, in yaga ka."

Ya shimfiɗa shi a kan farin, ya ɗaure kusurwoyin a jikin gorar rumfar. Muka cicciɓe ta muka zaunar. Ta ɗaga kai kaɗan, hasken ya sauko mata ja a fuska.

"Yauwa. Yanzu ka yi kama da ango."

Liton ya sa kafaɗa ya tura. Cikin jirgin ya gurji laka, ya tsaya. Ya sake turawa, sai muka ji ruwa ya ɗauke mu. Ya haye ya ja igiya, ƙyallen ya cika da iska, gorar ta gilma saman rumfar ba ta taɓa ta ba.

"In mun dawo zanen naka ne," in ji ta. "Ka ajiye wa wadda Allah zai jarraba da aurenka."

"Au, kin rabu da ni ke nan?"

Ta yi dariya har haƙorin ya fito.

"Bari a buɗe idon tukuna, in ga abin da na aura."