Ranar da Na Juya Fanka da Hannu a Bikin Yagana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta ma 'yan unguwarmu ta Mairi ba za su bar ni ba, da safiyar Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanwata Yagana. Yanzu ina iya ba da labarin ina dariya. A lokacin kuwa, da ƙasa za ta tsage da na shige ban ko waiwayo ba.

Ni malamin jogirafi ne a wata sakandare, shekara goma sha wani abu ina koyar da yara yadda iska ke tafiya da yadda damina ke zuwa. Ku riƙe wannan, don shi ya ƙara wa abin muni.

Tun da taransifomar layinmu ta lalace muka daina sa ran wuta, sai na tara 'yan kuɗina na kafa sola: faranti huɗu a kan rufi, batir biyu, da inbata. Ban tsaya nan ba, na haɗa fankar iska mai ba da wuta da hannuna, da injin cajin wata tsohuwar mota da fukafukai uku da na yanka daga bututun roba, na kafa ta a saman ƙarfen tankin ruwanmu da ke jikin katanga. (Maƙwabta suka sa mata suna "jirgin Malam". Ni a lokacin yabo na ɗauka.) A watan Afrilu na gama aikin, lokacin da ranar Maiduguri ke iya gasa mutum a tsaye, ga iska kullum da safe. Kafin azahar batir ya cika, firiza na ta aiki, har ƙanƙara nake rabawa a layi. Daga nan kaina ya kumbura. Duk wanda ya shigo gidan sai na yi masa lacca: "Idan rana ta tafi, iska na nan. Idan iska ta kwanta, rana na nan. Ba yadda za a yi su ɓace tare."

Aka sa bikin a tsakiyar Agusta. Iyayenmu sun rasu, ni ne babba a gida, amma mai faɗa a ji ita ce Ya Amsa, yayar mahaifinmu. Ita ta kawo wani ƙaton sa daga ƙauye, wanda ta yi shekara biyu tana kiwonsa da hannunta saboda ranar auren Yagana. Ba ta da wani abu da ya fi shi, kuma duk dangi sun san da naman san nan za a fita kunyar baƙi.

Yadda aka saba a gidanmu, ana gobe biki ake yanka, mata su taru su soye naman ƙayau cikin kitsensa a manyan tukwane. Ni kuwa na ce wannan wahala ce ta mutanen da. A yanka tun Laraba, a zuba a firiza, kowa ya huta.

Ya Amsa ta ɗaga kai ta dubi sama, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗana, iskar nan ta juya tun jiya. Daga kudu take zuwa, a jiƙe, kuma ba ta da ƙarfi. Marka ce za ta zauna."

"Ya Amsa, ko hadari ya taso ai da iska yake tasowa. Fankata za ta yi aiki."

"Wancan hadarin gabas ne, mai fushi, ya zo ya yi ɓarna ya wuce kafin ka gama shan shayi. Wannan daban ne. Wannan in ya zo, tabarma yake shimfiɗawa."

Na yi murmushin masu ilimi (Allah Ya yafe mini wannan murmushin) na ce ta bar mini wannan ɓangaren. Maƙwabcinmu ma ya ce in ɗauki janaretansa in ajiye ko da za a buƙata, na ce masa a gaban mutane, "Na gode, amma gidan nan ya wuce zamanin hayaƙi." Aka yanka sa ranar Laraba, aka cika firiza maƙil. Na sa mata kwaɗo don kada a riƙa buɗewa sanyi na fita, na ba matata Fanna makulli na ce ko wa ya tambaya kada ta bayar.

Alhamis gari ya waye babu rana. Ba duhun hadari ba ne, wani farin girgije ne ya rufe sama daga wannan gefe zuwa wancan kamar an kifa faranti, sai yayyafi jefi-jefi. Na dubi fanka, tana tsaye ƙiƙam. Ganyen dalbejiyar ƙofar gida ko motsi ba ya yi. Na ce wa kaina zuwa azahar zai washe, na tafi makaranta darasin hutu.

Da na dawo bayan la'asar, tun daga bakin layi ƙamshin suyar nama ya tare ni daga wani gida a bayanmu. Har na ce a raina, wasu ma suna da sha'ani ke nan, bayin Allah suna can suna fama da hayaƙi. Ina shiga gida na tarar inbata na kuka, ƙit-ƙit-ƙit, batir ya kusa ƙarewa. Na kashe fitilu, na cire cajar kowa, na hana kunna fankar ɗaki. Kafin magariba inbata ta yi shiru, firiza ma ta yi shiru.

Juma'a ma haka gari ya tashi. A nan na fara zagaye a ɓoye kamar mara gaskiya. Na ɗora batir ɗaya a keke-napep na kai wa wani abokina a Old Maiduguri mai faranti goma sha biyu, na tarar da shi zaune a ƙofar gida yana fifita da kwali. Ya nuna mini sama ya ce, "Kai kana tsammanin girgijen na unguwarku ne kaɗai?" Na wuce Kasuwar Kwastam wajen masu ɗakin sanyi, suka ce ko kan kaza ba su da wurin sawa, duk masu sola sun riga ni. Na haɗiye girman kai na je wajen maƙwabcina, ya ce wallahi tun da na ce ba na so ya ba wasu masu bikin suna janaretan. Ya faɗa da ladabi, amma na ga gefen bakinsa na rawa.

A gida kuwa baƙi sun fara sauka. Na Biu suka ce kwana uku ba su ga rana ba. Na Damaturu suka ce haka suka baro gari. Wata gwaggo da ta zo daga Gamboru ta ce har can tsallaken iyaka haka sama take. Kowa ya faɗi nasa sai gabana ya ƙara faɗuwa. Na kwaso barguna uku na lulluɓe firiza, ban yarda na buɗe ba, don ina tsoron abin da hancina zai gaya mini. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wadda ta nemi nama. Da na ɗan taɓo zancen, Ya Amsa ta ce, "Babu gaggawa, ɗana. Tunda injinka na riƙe da shi, gobe da safe ma yi." Na ji daɗi wai na samu ƙarin lokaci, ban ko tambayi kaina yaushe za a dafa naman sa guda a safiya ɗaya ba.

Asabar, ƙarfe goma za a ɗaura aure a ƙofar gida. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun fara zama. Na yi wanka, na sa sabuwar shaddata fara da babbar riga, na kafa hulata zanna bukar. Ina fitowa tsakar gida sai na ga wani ganye ɗaya a saman dalbejiya ya ɗan motsa. Ganye ɗaya tak! Zuciyata ta ce iska ta zo, fankar tura kawai take so ta kama. Wallahi ban san lokacin da na kama tsanin tanki na hau ba.

Na tura fiffike, ya yi zagaye ɗaya ya tsaya. Na sake turawa. Can na ga ai ni ne iskar, sai na dage da hannu biyu ina juyawa, ina haki, gumi na zuba, ina leƙen ɗakin inbata ko zan ga koriyar fitila ta kama. (Ni da na san lissafi, na san ko kwana zan yi ina juyawa ba zan caja wayar hannu ba, balle firiza. Amma tsoron kunya ba ya barin mutum ya yi lissafi.) Na manta gaba ɗaya cewa tankin ya fi katanga tsawo, kuma rumfar ɗaurin aure na ƙarƙashina.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne hannun babbar rigata da ya naɗe a fiffike. Na fizga, na ji ƙyat, shadda ta yage tun daga kafaɗa. Hulata ta tuntsure, ta bi iskar da babu, ta faɗa tsakiyar tabarmar dattawa, daf da kwandon goro. Na leƙa ƙasa. Mutum ya fi ɗari, kowa ya ɗaga kai, har liman. Motocin dangin ango sun iso ban ji ba.

Wani dogo cikin abokan ango ya fito daga rumfa, ya kare ido da hannu. Ya gaishe ni da Barbarci: "Wushe, Malam! Lafiya dai?"

Modu ne, tsohon ɗalibina, wanda na taɓa sa shi ya zana taswirar iskar damina sau ashirin saboda ya yi barci a aji.

"Lafiya lau, ɗan gyara nake yi," na ce, hannu ɗaya a maƙale.

"Malam, ba kai ka zana mana a allo ba? Ka ce a Agusta iskar teku ke mamaye ƙasar nan gaba ɗaya, ta jibge girgije tun daga kudu har Tafkin Chadi, wani lokaci a yi kwanaki ba rana ba iska. Har ka ce duk wanda ya manta wannan a jarrabawa kada ya gaishe ka a hanya."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa yana nuna bai manta karatu ba ne. Amma rumfar ta ɗauka. Wani tsoho ya yi dariya har da tari. Na sauko a hankali, riga a yage, kai babu hula, na shige gida ta ƙaramar ƙofa.

A tsakar gida na yanke shawarar in faɗi gaskiya kafin a gano. Na durƙusa gaban Ya Amsa, mata cike da wuri, na ce, "Ya Amsa, na cuce ki. Firiza ta mutu tun Alhamis. San da kika yi shekara biyu kina kiwo, na lalata shi." Da gaske abin ya yi mini ciwo.

Ta ce, "Fanna, ba shi makullinsa."

Na yaye barguna, na buɗe kwaɗo, na toshe hanci na ɗaga murfi. Firiza wayam. Sai wani ɗan kwano a can ƙasa, da wutsiyar sa a ciki, ta fara canza launi.

Mata suka kwashe da shewa. Ashe tun ranar Alhamis, ina fita makaranta, Ya Amsa ta karɓi makulli wajen Fanna, suka kwashe naman tas zuwa gidan ƙawarta a bayan layi, suka soye shi yadda aka saba. Ƙamshin da na ji har nake tausaya wa masu shi, namanmu ne. Kwana biyu ina gadin firizar da babu komai a ciki, har da lulluɓa mata bargo.

"Wutsiyar taka ce," in ji Ya Amsa. "Mu za mu ci abin da tukunya ta ajiye mana, kai ka ci abin da injinka ya ajiye maka." Sai ta miƙo mini tsoka guda daga roba ta ce in ci in je in canza riga, ana jirana.

Aka ɗaura aure, baƙi suka ci nama har suka yi guzuri, Yagana ta tare lafiya. Rana ba ta fito ba sai Litinin, ta fito da ƙarfinta kamar ba ita ba, iska ma ta biyo bayanta, fanka na ta juyi babu mai taɓa ta. Na tsaya ina kallonsu su biyun.

Sola na nan har yau, kuma tana yi mana aiki, ban daina yabonta ba. Abin da na daina shi ne cewa rana da iska ba sa ɓacewa tare, don sama ɗaya ke juya su, in ta ga dama ta ba su hutu rana guda. Yanzu duk wanda ya zo neman shawara sai in ce masa kada ya auna kayansa da ranar Afrilu, ya auna da markar Agusta, kuma in yana da tsohuwa a gida ya fara tambayarta kafin ya yanka sa. Modu kuwa, duk shekara in girgije ya kwana biyu bai tashi ba, sai ya kira ni ya gaishe ni da ladabi, sannan ya tambaya ko ya zo ya riƙe mini tsani.